Yadda Malam Dambar Ya Ɗaura wa Daji Zane

A ƙauyen Katuspani, kafin ka ga Malam Dambar Khadka sai ka fara ganin gashin bakinsa. Baƙi ne wuluk, an murɗe bakinsa biyu sun dubi sama, kullum yana sheƙi da mai. Malam Dambar malamin motsa jiki ne a makarantar ƙauyen, aikinsa hura usur da jera yara a layi, amma in ya zauna a bencin mai shayi to babu abin da bai sani ba a duniya. Ya ce ya yi shekaru a manyan dazukan kudu yana kwana kusa da damisa, kuma ko an ɗaure masa ido yana gane bishiya da ƙamshinta. Waɗanda suka san shi a can kudun sun ce tikitin mota yake yankawa a tasha. To amma su ba kullum suke zuwa shan shayi ba, shi kuwa ba ya fashi.

Ana nan sai ofishin gandun daji na gunduma ya aiko cewa gasar sanin itatuwa ta makarantu, bana a dajin Katuspani za a yi ta. Kowace makaranta ta kawo yara biyu. Malamin daji zai nuna bishiya, yaro ya faɗi sunanta na gida, ya ƙara da dogon sunanta na littafi. Wanda ya ci, kofi da bunsuru.

Ranar da labarin ya iso rumfar shayi, Malam Tikaram yana nan. Shi ƙanin matar Dambar ne, siririn mutum mai tabarau, yana koyar da kimiyya a makarantar Simle da ke hayin kogi. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Suruki, wannan gasa ta masu karatu ce. Kai dai ka zo da usur ɗinka ka jera mana yara, mun gode."

"Ni kake faɗa wa bishiya?" in ji Dambar. "Yaro, lokacin da nake tauna saiwa a dajin kudu, kai kana shan majina a gindin uwarka."

"Dajin da ke bayan tasha?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Dambar ya miƙe tsaye, ya kama gashin bakinsa da yatsu biyu. "Ku shaida! In yaran wannan mai ido huɗun suka ci nawa, a kira wanzami ya aske wannan a gaban jama'a. Tas!"

Dariya ta tsaya cak. Mai shayi ya sandare da buta a hannu. Kowa ya san a wajen su Khadka namiji ba ya aske gashin baki sai ranar da ubansa ya mutu. Uban Dambar kuwa, tsoho Nar Bahadur, tsohon soja mai nauyin kunne, yana can lungu yana zuƙar lofensa da ransa da lafiyarsa.

"Me ya ce?" in ji tsohon. Aka ɗaga murya aka maimaita masa. Ya zare lofe daga baki. "Kai, ɗan banza! Da raina ka shiga caca?"

"Baba, ba za a kai ga haka ba."

"In aka kai, ka tabbata ka tara itacen ƙona gawata. Kuma busasshe, ba na son hayaƙi."

Washegari Dambar ya zaɓi yaransa: Kopila, yarinya mai kaifin kai da kaifin baki, da Birke, ɗan lukuti wanda ke iya haddace komai muddin ba a tambaye shi ma'anarsa ba. Yaran yanzu ne, sun san sunan kowace mota da ke hawa tudun nan, amma bishiyar ƙofar gidansu sai su ce maka "itace". Ya sa su gaba suka shiga daji, yana tafe yana hura usur kamar itatuwan za su jera masa layi.

Ya tsaya gaban wata doguwar bishiya. "Masu littafi kallon ganye suke yi. Ni kuwa barin bishiya nake ta gabatar mini da kanta." Ya sa wuƙa ya ɓare ɓawonta, ya goga cikinsa a wuya da hannuwa, ya tura hannu cikin riga ya goga a ƙirji. Ya ba Birke ya ce shi ma ya yi.

"Malam, mece ce sunanta?" in ji Kopila, wadda ta ƙi taɓawa.

"Ki saurara, tana magana."

Ai kuwa ta yi magana. Birke ne ya fara sosa wuya, sannan ciki, sannan ya faɗi ƙasa yana birgima. Dambar ya cije, ya ce wannan ƙaiƙayin ilimi ne ke shiga jiki. Bai rufe baki ba ilimin ya kai masa hammata. Ya yar da usur, ya ruga rafi, ya faɗa ciki da takalmansa.

A nan Goggo Fulmaya ta same shi. Ita ce shugabar ƙungiyar da ke kula da dajin ƙauyen, mace mai ɓaunayen tatsa da babbar murya, kwandon ganye a baya, lauje a ƙugu. Ta dube shi tsamo-tsamo cikin ruwa. "Ɗan Nar Bahadur, da girmanka ka shafa cilaune? Ko akuyata ba ta goga jiki a jikinta."

"Gwaji nake wa yara, Goggo. Yanzu har su mutu ba za su manta da ita ba." Ya fito yana ɗiga. "Ke ma bari in gwada ki. Waccan wace ce?"

"Utis mana."

"Daidai. Waccan fa?"

"Katus. Kai, wai lafiyarka?"

"Daidai, daidai, kin yi ƙoƙari." Haka ya bi ta har bakin daji yana gwada ta, yana ba ta maki, yana danna sunayen a kansa.

Amma sanin suna daban, gane mai suna daban. Da aka koma daji ba Goggo, ganye duk ya zama kore ga yaran, ga malaminsu ma haka. Kopila ta nuna bishiya guda sau biyu, da safe ya ce sal ce, da rana ya ce katus. Da ta yi magana ya ce bishiya ma tana da yanayi. A gida tsoho ya ɗauki sabuwar ɗabi'a: duk safiya sai ya leƙo ya ce, "To, yau ina raye ko na mutu?"

Dambar ya shiga uku, sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ba ta faɗo wa kowa sai shi. Tun da a dajinsu za a yi gasar, me zai hana a sa wa itatuwan alama? Matarsa Sabitri ta tafi Simle jinyar uwarta, akwatin ƙarfenta yana ƙarƙashin gado. Ya jawo shi ya buɗe. Ga rawayan sari, dogon zanen da matansu ke ɗaurawa, ga shuɗi, ga fari, ga kuma jan nan mai bakin zinari da ta ɗaura ranar aurensu. Ya ce a ransa gefe-gefe kawai zai yanka, ba za ta lura ba. Da almakashi ya gama aikinsa, abin da ya rage na jan zanen ko kan tulu ba zai rufe ba.

Da sassafe kafin mata su fito yankan ganye, ya zagaye daji yana ɗaura ƙyalle. Ja a jikin sal, rawaya a utis, shuɗi a katus, fari a cilaune, ita kam daga nesa da sanda. Da hantsi ya kawo yaran, ya hura usur.

"Ja?"

"Sal! Shoriya robusta!"

"Rawaya?"

"Utis! Alnus nepalensis!"

Birke ya haddace kafin a busa usur na uku, baki har kunne. Kopila ta ɗaga hannu. "Malam, wannan ba satar amsa ba ce?"

"Ke, rufe mini baki. Sabon tsarin koyarwa ne daga ƙasashen waje. Kuma sirri ne, wanda ya faɗa a gida zai zagaye filin ƙwallo har ya girma."

Abu guda Malam Dambar ya manta, kuma abu ne da ko jaririn Katuspani ya sani: ba a ɗaura wa bishiya ƙyalle sai in abin bauta ya sauka a kanta. Matan da suka zo yankan ganye suka ga ja a nan, rawaya a can, ba wanda ya ga mai ɗaurawa. Wata ta saki lauje ta kama kunnuwanta. Wata ta durƙusa ta kai goshi ƙasa. Kafin rana ta take, labari ya kai wa boka Harke, wanda ya daɗe ba wanda ya kawo masa ko ƙwai. Ya saɓa gangarsa, ya zo ya zagaya babbar sal, ya fara karkarwa tun daga gwiwa.

"Na gani! Ta zo mini a mafarki! Uwar Daji ce da kanta ta sauko, ta ce ta gaji da laujenku. Duk bishiyar da ta sa wa tufa, wanda ya yanki ganyenta sai ya kumbura!"

Shi ke nan. Aka kawo shinkafa da furanni, aka shafa wa itatuwa jan gari, aka kunna turare. Boka ya shimfiɗa tabarma a gindin sal, zakaru suka fara zuwa. Dambar ya tsaya a bayan taro yana murɗa gashin baki, bakinsa na ƙaiƙayi ya ce shi ne Uwar Dajin, amma ba dama.

Da farko ma ya ga abin ya yi masa daidai, ai yanzu ba mai taɓa alamominsa. Sai dai mutanen tudu in suka ji wurin roƙo ya buɗe, ba sa zuwa hannu rabbana. Mai neman haihuwa ta zo ta ɗaura jan ƙyallenta. Mai ɗa a ƙasar waje da ya daina kiran waya ta ɗaura nata. Mai ciwon gwiwa, mai jarrabawa, mai rigimar gona, har daga ƙauyukan da ke bayan dutse, kowa da jansa, kuma duk bishiyar da hannu ya kai a nan ake ɗaurawa. Birke ya shiga daji ya duba hagu ya duba dama ya ce, "Malam, sal ta ƙaru."

Ganye kuma ya gagari mata. Ɓaunaye suka rame, nono ya janye. Mai shayi ya koma dafa baƙin shayi, zaman benci ya yi tsami. Goggo Fulmaya tana tsoron Uwar Daji kamar kowa, amma tana wucewa tana gunaguni cewa da Uwar tana da ɓauna ko guda da ba ta yi haka ba. A gida tsoho ya buga kwano a ƙasa. "Ina kindirmona? Tun ban mutu ba an fara yanke mini abinci?"

Dambar ya ga in ya zauna kallo gashin baki ya tafi. Da asuba ya sulale daji yana kwance ƙyallayen mutane, yana barin nasa. Ya tara rungume guda, ya juyo, sai ga Goggo Fulmaya da mata a bayanta, sun yi cirko-cirko.

"Malam, me kake yi da tufafin Uwar Daji?"

Ya ƙara rungume ƙyallayen. "Wanki, Goggo. Wanke su zan yi. Kun bar baiwar nan cikin dauɗa, tsuntsaye suna yi mata kashi a kafaɗa. Ba ku ji kunya ba?"

Mata suka dubi juna. Wata ta ce ai gaskiya ya faɗa. Boka Harke, da ya ji hayaniya ya taso da bargo a ka, bai yarda a riga shi ba. "Ita ta aiko shi! Jiya ta ce mini za ta turo mai gashin baki!"

"To tun da wanki ne a haɗa duka mana," in ji Goggo Fulmaya. "Ku kwance sauran."

"A'a! Waɗancan ba su yi datti ba!"

"Haba Malam, ka wanke wa mace rabin kayanta?"

Yana ji yana gani aka kwance ja da rawaya da shuɗi da fari, aka zuba a babbar tukunyar tagulla ta bikin ƙauye, aka hura wuta a bakin rafi. Aka ba shi muciya, tun da shi aka aiko. Malam Dambar Khadka, mai kwana kusa da damisa, ya naɗe wando yana tuƙa tsumma, matan gari na yi masa guɗa, mazan gari na kan gada suna ba shi shawara. Jan ƙyallen kasuwa kuwa ba ya riƙe rini. Da aka tsame, rawaya ya zama ja, fari ya zama ja, shuɗin ma ya bi sahu. Aka shanya, aka raba wa yaran gari, suka bazu cikin daji suna ɗaurawa duk inda suka ga dama.

Da yamma ya haye kogi ya tare Tikaram a hanya, da murmushi har da dafa kafaɗa. "Suruki, ai ka san maganar rumfar shayi wasa ce tsakanin 'yan uwa."

"Wanzami bai ɗauke ta wasa ba. Ya sayi sabon dutsen wasa aska."

"A mayar da shi gashin kai."

"Wane gashin kai? Wanda ya rage maka bai kai a ɗora caca a kansa ba."

"Ka tuna yayarka nake aure."

"Kullum ina tunawa, suruki. Shi ya sa nake so in ga fuskar da ta aura."

Ranar gasa Dambar ya kwanta ya ce zazzaɓi. Tsoho ya zo da sandarsa ya yaye bargo. "Tashi. In jana'izata ce, da ni za a je."

Bakin daji ya cika maƙil. Ga makarantu da tutocinsu, ga masu roƙo da zakarunsu, ga boka da gangarsa, ga bunsurun kyauta an ɗaure shi yana cin furen da aka rataya masa. Wanzami ya samu dutse mai kyau ya zauna da jakarsa a cinya. Babban malamin daji ya sauko daga mota, mutum mai tumbi da sandar nuni, ya dubi daji ya ga ko'ina ja. Ya tambaya ko biki ake yi, aka ce masa Uwar Daji ce. Ya cire hula ya mayar, ya ce a fara.

Yaran Simle suka yi nasu, suka ci wasu suka faɗi wasu, kamar yadda 'ya'yan mutane ke yi. Aka kira Katuspani. Malamin daji ya nuna wata katus mai ƙayayyun 'ya'ya zube a gindinta. Birke ya ɗaga kai ya ga ƙyalle, ya ƙame kamar soja.

"Sal! Shoriya robusta!"

"A'a. Wannan fa?"

"Sal! Shoriya robusta!"

"Yaro, wannan utis ce. Dubi ganyen. Waccan fa?"

"Shoriya robusta, ranka ya daɗe!"

Malamin daji ya juya ga Kopila, ya nuna mata wata. Ta dubi bishiya, ta dubi malaminta wanda ke ta ƙifta mata ido yana murza gashin baki hagu da dama, ta ce, "Ranka ya daɗe, da can fara ce, amma an wanke ta."

"An wanke me?"

Ta tuna da filin ƙwallo, ta laɓe bayan Birke. Ran mutumin ya ɓaci. Ya waiga ya ga turken wayar lantarki a bakin hanya, shi ma wata matar tudu ta ɗaura masa jan ƙyalle. Ya nuna shi da sanda don gatse. "To wannan fa, masana?"

"Shoriya robusta!" in ji Birke, har da ƙamewa.

Malamin daji ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya. Ya je ya ƙwanƙwasa turken, ya kankare shi da farce, ya dawo fuska a murtuke. "Da itacen sal aka yi shi. A ba su rabin maki."

Mutanen Katuspani suka ɓarke da tafi, don shi ne makinsu na farko. Dambar ya ji tafi, kansa ya fashe. Ya ture mutane ya shigo fili. "Ranka ya daɗe, yaran nan sun fi ƙarfin tambayar ido. Da hanci na koyar da su, tsarin dajin kudu. Bari ka gani." Ya miƙa hannu ya karyo reshen wata ƙaramar bishiya, ya murtsuke ganyen har ruwansa ya fito, ya shafa a gashin baki da leɓe, ya ja dogon numfashi, ido a lumshe. "Ka ji? Ƙamshin katus ke nan, ba tantama."

Da ya buɗe ido ya ga fili ya yi faɗi. Kowa ya ja da baya, har bunsuru.

"Malam," in ji malamin daji daga nesa, "ajiye wannan. Balayo ce."

Balayo, wadda ko inuwarta wasu ba sa yarda su bi don gudun kumburi. Boka ya ga kasuwa ta buɗe, ya doki ganga. "Kun gani! Ya karya reshen da ta sa wa tufa! Yanzu za ku ga ikon Uwar Daji!"

A daidai nan wata murya ta tsaga taro. "Uwar wa?"

Sabitri ce. Ta biyo ayarin ƙaninta daga Simle don ta ga gasa, tana tsaye gindin wata utis, ta kama wani ƙyalle tana juya shi. Duk wankin da ya sha, bakin zinarinsa na nan. Ta fizge shi ta ɗaga sama. "Wannan zanen aurena ne! Ga ɗinkin da na yi da hannuna inda ya yage! Ga wani can! Ga wani! Dambar, wa ya buɗe mini akwati?"

Gangar boka ta yi shiru. Dambar ya buɗe baki, leɓensa ya riga ya fara nauyi. "Sabitri, ki fahimta, tsarin ƙasashen waje ne..."

"Malam ya ce ja sal ce," in ji Birke, don ya taimaka.

Goggo Fulmaya ta sauke kwandonta a hankali. "Wato ɓaunayena sun kwana da yunwa saboda zanen Sabitri? Wato ni na durƙusa da wannan gwiwar tawa na gaida zanen Sabitri?" Ta zaro lauje. Masu zakaru suka waiga neman boka, suka hangi bargonsa yana gangara tudu. Dambar ya so ya bi shi, amma mata sun riga sun zagaye shi, matarsa a gaba tana dukansa da abin da ya rage na aurenta. Malamin daji ya ba Simle kofi da bunsuru cikin gaggawa, ya ce shi bai taɓa ganin daji irin wannan ba, ya nufi motarsa.

Wanzami ya taso yana kaɗa aska. Tikaram ya dubi surukinsa, leɓe ya yi suntum, ido ya kaɗa, sai tausayi ya kama shi. "Bar shi. Na yafe, albarkacin Baba."

Dambar ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Sai tsoho Nar Bahadur, wanda kunnensa ke buɗewa duk lokacin da ba a so, ya dogara sanda ya miƙe. "Wa ya sa ka yafe? A gidanmu ba a lashe amai. Gara a ce na mutu da a ce ni na haifi mai yanka zanen mata. Wanzami, yi aikinka."

Aka zaunar da shi a kan dutse. Aska ta bi ta kan kumburi, Dambar yana ihu ta hanci. Gashin bakin da yake raino tun yana saurayi ya zubo a cinyarsa gefe biyu, ya dube shi, hawaye suka zubo masa na gaske. Abin da ya fito daga ƙarƙashi kuwa, ko matarsa sai da ta ja baya ta ƙara dubawa.

Gari ya waye fuska ta ninka. Ya lulluɓe kai da mayafi ya gangara gari neman magani. Ga rashin sa'a, ranar tsofaffin sojoji ke taruwa karɓar fansho. Suka gan shi tafe, leɓe a aske, ido a kumbure yana zubar ruwa. Wani ya tare shi ya riƙe hannunsa. "Ɗan Nar Bahadur? Wayyo! Yaushe?" Dambar ya yi ƙoƙarin bayani, abin da ya fito "bu-bu-bu" ne kawai. Mutumin ya rungume shi. "Kada ka yi magana, ɗana, mun gane. Sannu da haƙuri."

Kafin ya hau tudu labari ya riga shi yaɗuwa. Masu gaisuwa suka fara isowa da man shanu da ayaba da sukari da lemo, 'yan uwan da rabon a gan su tun bikin Dambar. Tsoho ya ji sallamarsu, ya shige bayan rumbun masara ya kasa kunne. Ya ji an ce shi jarumi ne, an ce mai kyauta ne, wani da suka yi shekaru ba sa ga maciji ya yi kuka ya ce babu kamarsa a tudun nan. Sai da ya ƙoshi da yabo ya fito yana gyaran murya. Wata tsohuwa ta sume, biyu suka tsallake shinge. Da hankali ya dawo aka zauna aka yi dariya, aka ci shinkafa, aka yi hirar soja, kuma ba wanda ya iya cewa a mayar masa da man shanunsa. Haka aka yi ta yi, ayari na tafiya wani na zuwa, tsoho har ya yi kumatu.

Kumburi ya saɓe. Wata safiya Dambar ya tsaya gaban ɗan madubin da ke rataye a ginshiƙi, ya shafa leɓensa ya ji ƙaiƙayin sabon tsiro. Zuciyarsa ta yi sanyi. Yana cikin lissafin yadda zai murɗe shi kafin bikin kaka, sai ya ji an taɓa shi da sanda. Tsoho ne, bakinsa na sheƙi da man shanu, ya miƙo masa aska.

"Baba, ai an gama. Alkawarin sau ɗaya ne."

"Me ka ce?"

"Na ce sau ɗaya ne!"

"Ban ji ba. Aske, ka shirya, akwai kasuwa gobe a gabas. 'Yan uwanmu na can ba su ji labari ba tukuna."